Sun biya kuɗin asibiti, yanzu suna so maigidana ya sa hannu a rufe magana

Assalamu alaikum Barista. Wata 3 ke nan da tifar yashi ta wani kamfanin gine-gine ta buge maigidana a kan babur, da safe yana hanyar zuwa aiki a nan Kano. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu, cinya da ƙwauri, aka yi masa tiyata aka sa ƙarfe. Birkila ne, aikin yini yake yi, ranar da ya fita yakan samo dubu 8 zuwa dubu 10. Yaranmu 4. Ni ma na ajiye sana'ar awarata saboda jinya. Tsakani da Allah kamfanin ya biya kuɗin tiyata da na gado. Yanzu sun aiko wakili cewa za su ba mu naira dubu 800, kuma su gyara babur, shi kuma ya sa hannu a takarda cewa magana ta mutu, a janye batun direbansu da ke gaban 'yan sanda. Baffanninsa sun ce a karɓa, ƙaddara ce, neman ƙari rashin tawakkali ne. Ɗayansu ma cewa yake a daina wahalar asibiti a kai shi wurin mai ɗori. Shi dai ya yi shiru, kunyarsu yake ji. Ni kuwa ina gani har yau da sanduna biyu yake zuwa banɗaki. Shin bayan kuɗin asibiti akwai wani haƙƙi da doka ta ba shi? Kuma laifi ne a addini idan muka nema?

Wata baiwar Allah, daga Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya sa kaffara ce, ke kuma Ya ba ki ladan jinya.

Kada ya sa hannu yanzu. Diyyar rauni sau ɗaya ake biyanta, ko a kotu ko a wurin sulhu. Ranar da aka yanke adadi aka rubuta cewa shi ke nan, to shi ke nan ɗin ne. Idan nan da wata 6 likita ya duba hoton ƙashi ya ce ƙwaurin bai kama ba sai an sake buɗewa, ba mai sauraronku, takardar da ya sa wa hannu za a ɗaga muku. Kuma a halin da ake ciki babu wanda ya san ƙarshen ƙafar nan, har likitan da ya yi tiyatar.

Mu ɗauki lissafin da ke kanki kika kawo. Mafi ƙarancin abin da yake samu dubu 8. A ce kwana 22 yake fita a wata, tunda aikin gini ba kullum ake dacewa ba. Dubu 176 ke nan. Wata 3 da ya yi a kwance sun riga sun cinye dubu 528 daga cikin abin da ake yi muku tayi, ragowar ba ta kai samun wata 2 ba. Mutumin da yake dogara sanduna biyu yau kuwa ba zai hau tsani ya yini yana jera bulo nan da wata 2 ba. Wato kuɗin da ake kira diyya bai ma cike gurbin aikin da ya rasa da wanda zai rasa nan gaba ba, ballantana a zo kan ƙafar kanta.

Kotunanmu sun kasa diyyar rauni gida biyu manya. Gida na farko shi ne asarar da ake iya ƙirgawa kwabo da kwabo, daga ranar haɗari zuwa ranar shari'a. Nan ne kuɗin asibiti yake, amma ba shi kaɗai ba. Akwai magungunan da kuka riƙa saya a kemis saboda babu su a kantin asibiti, da ledar jini, da hoton ƙashi, da wankin ciwo, da sandunan, da kuɗin adaidaita sahu duk ranar ganin likita, tunda mai ƙarfe a cinya ba ya hawa motar haya ta gama-gari, sai an ɗauki shata. Akwai babur, akwai wayar da ta fashe idan ta fashe, akwai kuɗin aikin da muka lissafa a sama. Jinyar da ta sa kika kife kaskon awara ma lauya zai iya shigar da ita, domin da ba ki zauna ba da sai an biya wani ya zauna.

Sharaɗin wannan gida mai tsauri ne. Dole a jera kowane abu da adadinsa a takardar ƙara, sannan a kawo hujja a kansa. Abin da ba a rubuta ba alƙali ba zai bayar ba, ko da yana ganin gaskiya ne. A nan mutanenmu suke yawan faɗuwa, saboda mai jinya ba ta rasit yake yi ba, ta numfashin majinyacinsa yake yi. Tun yau ki samo leda guda ki tara duk wata takarda da ta rage: katin asibiti, takardun rubuta magani, rasit ko da ya yamutse, kwalayen allura. Ki sayi littafi ki zauna ki tuno abin da aka kashe da ranakunsa gwargwadon iko, daga yanzu kuma kada a sayi ko farasitamol ba a rubuta ba. Mai kemis ɗin unguwa idan kin roƙe shi zai rubuta miki rasit. Shi kuma samun maigida, da yake ba albashi ba ne, da shaidu ake tabbatar da shi: ɗan kwangilar da yake kiransa aiki, abokin aikinsa birkila, leburan da yake kwaɓa masa siminti. Idan ana tura masa kuɗin aiki ta banki ko ta Opay, a fitar da bayanin asusun na watannin da suka gabaci haɗarin. Wannan takarda ɗaya ta fi rantsuwar mutum goma nauyi a gaban alƙali.

Abin da kamfani ya riga ya biya asibiti za a cire shi daga lissafi, wannan adalci ne. Amma gudummawar da 'yan'uwa da maƙwabta suka kawo muku ba ta rage wa kamfani komai, don ba shi aka yi wa alherin ba.

Gida na biyu shi ne wanda wakilin kamfani ba zai taɓa ambata muku ba, kuma galibi ya fi na farko girma. Shi ne abin da ba shi da rasit, alƙali ne yake ƙiyasta shi. Raɗaɗin da ya sha a kan kwalta da wanda ya sha bayan tiyata da wanda zai ci gaba da sha duk sanyin hunturu, yana da diyya. Abubuwan rayuwa da ƙafar ta raba shi da su suna da diyya: idan gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa ya koma sallah a kan kujera, idan ba zai iya tsuguno ba, idan ba zai ƙara tuƙa babur ba, idan ƙafar ta gajarce ya koma ɗingishi, idan rauni ya taɓa zaman aure. Kada kunya ta sa a ɓoye wa lauya da likita ko ɗaya daga ciki. Babu wani jadawalin farashi da doka ta kafa a kan waɗannan. Alƙali yana duba tsananin raunin, da shekarun mutum, da rahoton likita, da abin da kotuna suka bayar a shari'o'i makamanta, ya kuma yi la'akari da yadda darajar naira ta zube.

A cikin wannan gida ne kuma ake lissafa gobe. Ƙarfen da aka sa wani lokaci sai an sake tiyata an cire shi. Akwai gashin ƙashi na watanni. Mafi girma duka, akwai tambayar ko zai koma gini. Idan likita ya ce ba zai koma ba, ko zai koma amma rabin ƙarfinsa, kotu takan ɗauki abin da zai riƙa rasawa a shekara ta ninka da wasu shekaru. Ba dukan shekarun da suka rage masa na aiki ake ninkawa ba, ana ragewa saboda kuɗin dunƙule zai karɓa lokaci guda, kuma rayuwa ba ta da tabbas. Ko da hakan, ki gwada da kanki: mutumin da samunsa ya ragu da dubu 80 kacal a wata ya yi asarar dubu 960 a shekara ɗaya. Shekara ɗaya tak ta haura duk abin da aka kawo muku.

Duk wannan gida a kan takarda ɗaya yake tsaye, rahoton likitan ƙashi. Ba katin sallama ba, cikakken rahoto mai faɗin irin karayar, da aikin da aka yi, da wanda ya rage, da kashi nawa cikin 100 na nakasa za ta dawwama. Likitan da ya yi tiyatar shi ya fi cancanta ya rubuta, ko a nemi ganin ƙwararre a Asibitin Ƙashi na Dala. Likita mai gaskiya ba zai yanke adadin nakasa ba sai ƙashi ya gama abin da zai yi, shi ya sa nake cewa lokacin sa hannu bai yi ba.

Wannan ya kawo ni kan baffan da yake maganar mai ɗori. Ba na raina masu ɗori, sun tayar da mutane da yawa a garuruwan da babu asibiti. Amma ƙafar da aka buɗe aka sa mata ƙarfe ta wuce hannunsu, ja da murɗa na iya lalata abin da aka gyara. Ta fuskar shari'a kuma asara biyu ce. Doka ta ɗora wa wanda aka raunata nauyin kada ya ƙara wa kansa ɓarna. Ranar da kuka bar asibiti ba da izinin likita ba, kun miƙa wa lauyan kamfani abin da zai faɗa: mu karaya muka yi, nakasar su suka jawo. Sannan mai ɗori ba ya rubuta rahoton da kotu za ta karɓa.

Akwai wata diyya ta uku da ake ƙarawa don horo, idan wanda ya yi ɓarnar ya nuna zalunci ko isgili ƙarara. An fi ganinta a ƙarar jami'an gwamnati da suka ci zarafin mutum. A haɗarin mota ba kasafai ake samunta ba, kada ku sa ta a lissafi.

Wa zai biya? Direba ne ya yi sakacin, amma tunda a bakin aikin kamfani yake lokacin da abin ya faru, doka ta ɗora wa kamfanin alhakin, kuma su biyun ake haɗawa a ƙara. Bayan kamfani akwai inshora. Duk motar kamfani ko ta ɗaiɗaikun mutane da ke kan titi a Nijeriya wajibi ne ta kasance da inshorar da ke biyan wanda ta buge. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta mayar da kuɗin wannan inshora naira dubu 15 ga motar gida, dubu 100 ga manyan motocin ɗaukar kaya. Za ki ji ana cewa iyakar abin da inshora ke biya miliyan 3 ne ko miliyan 5. Wannan iyaka ta ɓarnar dukiya ce, irin su babur da shago da katanga, ba ta jikin ɗan Adam ba. A nemi lambar tifar a duba ta a rumbun NIID na kamfanonin inshora ta intanet, nan take za a ga ko takardar ta gaske ce ko ta bakin tasha. Idan ma ta bogi ce, nauyin bai sauka daga kan kamfanin ba, daga aljihunsa zai biya.

Da a ce maigida ma'aikacin wani kamfani ne da ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, kamar yadda dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanada, da akwai wata ƙofar, domin dokar ta haɗa da haɗarin hanyar zuwa aiki. Mai aikin yini da yau yana wannan gini gobe yana wancan da wuya ya samu shiga.

Yanzu abin da zai iya rage muku. Ki tambayi maigida, ku biyu a ɗaki, yadda abin ya faru ba tare da gyara ba. Idan shi ma yana da hannu, ya bi hannun da ba nasa ba ko ya kutsa ta gefen tifar tana shan kwana, kotu ba ta korar ƙara saboda haka, amma tana raba laifin. In ta ce kashi 30 nasa ne, za ta zaftare kashi 30 daga diyyar. Saboda haka a karɓi kwafin rahoton 'yan sandan MTD masu binciken haɗarin mota, da zanen wurin haɗarin, da rahoton VIO, jami'an duba lafiyar motoci, kan birkin motar, tun kafin fayil ya yi ƙafa. Wanda ya ga abin da idonsa, mai shayi ko mai faci na bakin titin, a karɓi lambarsa tun yana tunawa. Sannan lokaci. Kowace jiha da dokarta kan wa'adin shigar da ƙara, a Legas da Abuja shekara 3 ne ga raunin sakaci, lauyanku zai faɗa muku na Kano. Ga sauran masu karatu kuwa, idan motar hukuma ce ta buge naku, akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta taƙaita wa'adin zuwa wata 3 kacal. Mutane da yawa suna can suna jinya ƙofa ta rufe.

Sai tambayarki ta biyu, wadda na san ita ta fi ci miki rai. Ni ba mai fatawa ba ne, ku kai wa malamin da kuka yarda da shi, amma abin da ke cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu ba ɓoyayye ba ne. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i a kan kisan kuskure ta sauka, wanda ba a yi niyya ba, wanda kowa ya yarda ƙaddara ce, kuma ta wajabta diyya a miƙa wa iyalan mamaci sai fa idan su suka yafe. A takardar da Manzon Allah (SAW) ya rubuta wa Amru bn Hazm, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, an ƙayyade rai raƙuma 100, ido 50, hannu 50, ƙafa 50, kowane yatsa 10, haƙori 5. Ga masu zinare cikakkiyar diyya dinari 1,000 ce, kimanin kilo 4 da kwata, abin da a yau ya kai ɗaruruwan miliyoyin naira. Raunin da ba a ƙayyade masa adadi ba, idan ya warke ya bar aibi, masana ne suke ƙiyasta shi. Kuma Risala ta faɗa a sarari cewa ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke. Kin ga a kan wannan gaɓar fiƙihunmu da kotun bature bakinsu ɗaya. Addinin da ya yi wa haƙori guda farashi bai ɗauki neman haƙƙin ƙafa a matsayin rashin tawakkali ba.

Yafiya alheri ce babba, amma ta mai haƙƙi ce. Ƙafar ba ta baffanni ba ce, kuma ba su za su ciyar da yara 4 ba idan dubu 800 ta ƙare. Na lura a irin wannan zama waɗanda suka fi saurin cewa a bar wa Allah su ne waɗanda za su tashi su tafi gida da ƙafafunsu biyu. Ba mugunta ba ce, kunya ce da gudun a ce danginsu sun ci kuɗin jini. Idan maigida ya san adadin haƙƙinsa sannan ya zaɓi ya sauke rabi don Allah, ya yi sadaka. Wanda bai san abin da yake da shi ba kuwa bai yafe komai ba, karɓewa aka yi. Sai dai kada adadin raƙuman nan ya sa ku dogon buri. Ƙarar kamfani Babbar Kotun Jiha take zuwa, ita kuma da ma'auninta take awo, abin da takan bayar bai kusanci rabin diyyar zinare ba.

Ba ina tura ku kotu kai tsaye ba ne. Shari'a a ƙasar nan tana cin shekaru, kamfani yana da ƙarfin ɗaukaka ƙara, kuma a 2024 kaɗai hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, don haka miliyan 10 ta bayan shekara 6 ba miliyan 10 ta yau ba ce. Sulhu mai kyau ya fi muku. Amma sulhun da lauya ya rubuta wa kamfani da inshorarsa takardar buƙata, ya jera kowane gida da adadinsa, ya liƙa rahoton likita, daban yake da sulhun da ake yi a tsaye a harabar ofishin 'yan sanda. 'Yan sanda aikinsu binciken laifin tuƙi ne, ba yanke diyya ba. A Kano akwai zauren sasanci na Babbar Kotu da aka buɗe a 2009, inda ake zama da mai shiga tsakani, abin da aka amince a kai kuma alƙali ya sa masa hannu ya zama kamar hukunci. Idan kuɗin lauya ne matsala, Majalisar Agajin Shari'a ta Tarayya, wadda aka fi sani da Legal Aid, tana da ofis a kowace jiha, kuma dokarta ta 2011 ta ambaci ƙarar haɗari cikin abubuwan da take tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Akwai kuma lauyoyin da suke karɓar irin wannan aiki a kan kaso daga abin da aka samu. A rubuta kason tun farko.

Ke kuma kada ki tari baffanni da gardama, za a bar maganar ƙafa a koma maganar matar da ba ta da kunya. Ki karanta wa maigida wannan amsa, ki nemi wansa ko limamin unguwa ya zama bakin da zai yi magana. Abin da za a ce musu gajere ne: ba a ƙi sulhu ba, ana jiran likita ya faɗi ƙarshen ƙafar. Babu dattijon da zai ƙi wannan. Kuma ki sani sa hannun baffa ba ya ɗaure baligi mai hankali sai idan shi ya wakilta shi, don haka kada maigida ya ce wa kowa "je ka duk yadda kuka yi daidai ne".

Na san tukunya ba ta jiran rahoton likita. Idan kuna buƙatar kuɗin yanzu, ku karɓi dubu 800 ɗin a matsayin kafin alƙalami. A rubuta a takardar cewa wani ɓangare ne na diyya, za a cire shi daga abin da aka daidaita a kai daga baya, kuma karɓarsa bai rufe haƙƙin neman sauran ba. Idan takardar da Turanci take, a karanta masa ita a fassara da Hausa a gaban mutuminku, ba mutumin kamfani ba, lauya ya gani kafin biro ko dangwale ya taɓa ta, ku kuma riƙe kwafinku. Idan wakilin ya ce ko dai a rufe magana gaba ɗaya ko ba ko sisi, ku ce masa ya ba ku sunan kamfanin inshorar tifar da lambar takardarta, lauyanku zai rubuto.